Wane kamfani ne ya ƙera kulocin da motata ta zo da shi?

"Assalamu alaikum. Malam, ina da Golf 3 wagon mai injin 1.8, 'yar Beljiyam, ina haya da ita tsakanin Kano da Katsina. Kulocin da ta zo da shi na daɗe ina aiki da shi lafiya lau kafin ya ƙare. Tun daga nan sau biyu ina saka sabo, babu wanda ya rufa wata shida bai fara zamewa ba. Bakanikena ya ce sai dai in nemo irin na kamfani. Na shiga kasuwa, wani ya ce na kamfani Sachs ne, wani ya ce LuK, wani ya ɗauko mini Valeo ya rantse shi ne. To wane ne ainihin ya yi wanda Volkswagen suka saka mata tun daga Jamus, kuma ta yaya zan tabbatar?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya tsare hanya. Abu biyu kake nema, ɗan'uwa: sunan wanda ya ƙera kulocin da aka ɗaura wa motarka ranar da ta fito daga masana'anta, da kuma hanyar da za ka tabbatar da kanka ba sai wani ya rantse maka ba. Akwai na uku da ba ka tambaya kai tsaye ba, kuma a ganina shi ke cinye maka kuɗi, wato dalilin da ya sa sababbi biyu suka mutu da wuri haka. Zan zo kansa, don ina tsoron ka sha wahala ka samo na kirkin, ka ɗaura, shi ma ya bi sahun na baya.

Amsar farko gajeriya ce. A Golf 3 kulocin asali galibi na Sachs ne ko na LuK. Duka biyun kamfanonin Jamus ne, duka kuma sun yi wa Volkswagen aiki a zamanin da ake ƙera motar nan. Ke nan mutum biyu cikin ukun da ka yi magana da su kowanne na iya zama da gaskiya. Valeo ma babban gida ne, kuma yana yin kulocin da ke hawa Golf 3, sai dai a waɗanda na kwance masu tambarin VW a jiki, waɗancan sunaye biyu nake gani. Amma wanne ne ya fito daga cikin taka motar, wannan ba zan iya yanke maka daga inda nake zaune ba, mai shago ma ba zai iya ba. A jikin ƙarfen aka buga shi, sai an duba.

Mai mota daban, mai kuloci daban

Mutane da yawa suna zaton duk abin da ke jikin mota mai tambarin ne ya ƙera shi da hannunsa. Ba haka ake yi ba. Volkswagen shi ke zana motar, ya yi inji da giya da bodi, amma kuloci da birki da fitilu da kayan wuta kwangila yake bayarwa. Injiniyoyinsa su faɗi ƙarfin injin, da faɗin wurin da kulocin zai zauna, da irin nauyin da suke so direba ya ji a ƙafarsa in ya taka, su kuma masu kuloci su ƙera a kan wannan awon. In sun gama sai su buga tambarin mai motar da lambarsa, su buga nasu sunan a gefe. Abin da muke ce wa na kamfani ke nan: aikin wani ne, da sunan mutum biyu a kai.

Gidajen da ke wannan aikin a duniya ba su da yawa. Sachs tsohon gida ne, a 1895 aka kafa shi a garin Schweinfurt da sunan Fichtel & Sachs, shi ya sa a tsofaffin kaya za ka ga an buga F&S kawai, kuma tun 2001 yana hannun kamfanin ZF. LuK ya zo daga baya, a 1965, a garin Bühl, mallakar iyalan Schaeffler, kuma da kulocin tsohuwar Volkswagen Beetle ya fara shiga kasuwa. Valeo na Faransa ne. A Japan akwai Aisin, wanda ɗan gidan Toyota ne, da Exedy, wanda kafin 1995 ake kira Daikin.

Kamfanin mota ba ya son dogara da mutum ɗaya. In ma'aikatan wannan suka shiga yajin aiki ko ya tsawwala farashi, aikin haɗa mota bai kamata ya tsaya ba, don haka sai a raba kwangilar. Ka ƙara da cewa Golf 3 an yi ta daga 1991 zuwa 1997, wagon ɗin irin taka daga 1993 har 1999, a masana'anta fiye da ɗaya, da injina kala-kala na fetur da dizal. Mota biyu masu kama ɗaya, shekara ɗaya, za ka buɗe ka tarar wannan Sachs, waccan LuK.

Wannan ne ya sa lambar shasi ba ta ba da sunan da kake nema. Lambar na da amfani ƙwarai, haruffa da lambobi 17 ne, taka za ta fara da WVW, harafi na 10 ya gaya maka shekarar, misali S 1995 ne, T 1996, V 1997. In aka shigar da ita kundin kayan gyara na Volkswagen, wanda dillalansu ke kira ETKA, zai fito da lambar kulocin da ya dace da motar. Lambar kaya yake bayarwa, ba ya faɗin wanda aka ba kwangilar a makon da aka haɗa ta.

Kafin komai, wanda ta zo da shi na masana'anta ne kuwa?

Nan nake so ka ɗan tsaya. Golf 3 mafi ƙarancin shekaru a yau ta haura shekara 25. Kafin ta hau jirgin ruwa ta yi rayuwa guda a Turai, wataƙila a hannun mutum uku ko huɗu. Abu ne mai yiwuwa ƙwarai wanda ka same ta da shi an riga an canza shi a wani gareji can. Mu a nan duk abin da mota ta shigo da shi sai mu ce folo-kam ne, mu ɗauka na masana'anta ne, alhali abin da muka sani kawai shi ne ba a nan aka saka shi ba. Wannan bai rage masa daraja ba, tunda ya yi maka aiki. Yana nufin dai tambayar da ta fi amfani gare ka ita ce: wane ne ya yi wancan da ya daɗe, kuma mene ne awonsa?

In bakanikenka bai ba 'yan gwangwan tsohon ba, maza ka karɓo shi. Ya fi duk bayanin da zan yi maka daraja. Ka wanke shi da kananzir, ka goge da burushin waya, kada ka hura ƙurarsa da baki ko da iskar fanfo, don wasu lainin ɗin, wato shimfiɗar da ke fuskar faifan kuloci wadda ke cinyewa, ƙurarsu na illa ga huhu. A jikin faifan, wanda a gareji ake ce wa filet, ka duba ƙarfen tsakiya, tsakanin tagogin da sifirin ke zaune. A jikin murfin da ke matse faifan kuma ka bi gefe-gefe da kusa da ramukan noti. In rubutun ya dushe, ka goga alli a kai ka share da yatsa, farin zai zauna a cikin ramin rubutun ya fito sarai. Ka haska fitilar waya daga gefe, ba daga sama ba, sannan ka ɗauki hoto.

Abu uku kake nema. Na farko sunan maƙerin: SACHS, ko F&S, ko LuK. Na biyu tambarin VW, wani lokaci haɗe da zoben nan huɗu na Audi. Na uku lambar Volkswagen, wadda a kayan kuloci tana da 141 a tsakiya: murfi yawanci 141 025 ko 141 026, faifai 141 031, 032 da makamantansu, da lambobi uku a gaba, wani lokaci da harafi ɗaya ko biyu a baya. In ka ga sunan maƙeri da tambarin VW tare, ko na masana'anta ne ko kuma a wajen dillalin Volkswagen aka saye shi. In lambar ta ƙare da X, wannan irin wanda ake musanya da tsoho ne a wajen dillali, ke nan an taɓa canzawa. In kuwa sunan maƙeri ne kaɗai babu VW, to na kasuwa ne da wani gareji ya saka. Za ka iya ganin wata doguwar kalmar Jamusanci a faifan, Getriebeseite ko Schwungradseite. Ba sunan kamfani ba ne, nuni ne ga ɓangaren da zai kalli giya ko fulawil, wato babban zagayayyen ƙarfen nan mai juyawa tare da inji, wanda faifan ke kamawa.

Wasu za su ce maka ba sai an sauke giya ba, a leƙa ta ramin da ke saman ƙoƙon giya, inda ake duba tayimin. A wasu motoci ana dacewa a hango suna ta irin wannan ramin. A taka ba zai yiwu ba, ga dalili.

Yadda kulocin Golf 3 yake zaune

Golf 3 mai 1.8 na fetur tana tafiya da giyar da ake kira 020, kuma kulocinta a juye yake in ka gwada da na sauran motoci. A yawancin motoci fulawil ake ɗaurewa a karanshaf, wato babban shaf ɗin inji, sai faifai, sai murfin matsi daga waje. A nan murfin matsin ake fara ɗaurewa a karanshaf da manyan noti 6, a sa faifai, sannan a kifa fulawil a kansu da ƙananan noti 9. Duk wanda ya leƙa ta rami bayan fulawil kawai zai gani. Rilis boris, wato boris ɗin da ke sakin kuloci in an taka feda, shi ma ba ya kusa da kulocin, yana can ɗaya ƙarshen giyar, ta wajen tayar hagu, bayan wani zagayayyen murfi, galibi kore. Wani dogon siririn ƙarfe ne ya ratsa ta cikin shaf ɗin giya, in ka taka feda sai boris ɗin ya tura shi, shi kuma ya tura wani ɗan faranti da ke tsakiyar murfin matsi. Ka riƙe wannan siririn ƙarfen a ranka, zan dawo kansa.

A wannan dangin giyar ana samun faifai mai faɗin milimita 190, da 200, da 210. Haƙoran tsakiyar faifan ma iri biyu ne, akwai mai 24 akwai mai 28, ya danganta da kaurin shaf. Fulawil ɗin ma ba ɗaya ba ne, fil ɗin da ke saita shi da murfi wani ɗaya ne wani biyu. Saboda haka ko ka samu Sachs na gaske, sabo dal, in awonsa ba na motarka ba ne, ka yi asara. Ka sa tef ka auna faɗin tsohon faifan daga baki zuwa baki. Ka ɗiga fenti ko maka a haƙori ɗaya ka ƙirga daga nan har ka zagayo.

Akwai takardar da Volkswagen ke mannawa a but, kusa da mazaunin tayar safaya, irinta kuma tana shafin farko na littafin sabis in motar ta zo da shi. A ciki akwai harufan inji da na giya. Injin 1.8 za ka ga AAM, ko ABS, ko ADZ. Sai dai a wajenmu wannan takardar ba ta isa hujja ba, musamman a motar haya. Inji ya buga an saka na Beljiyam, giya ta yi ƙara an ɗaura wata, wani lokaci tun kafin motar ta zo hannunka. Don haka ka sa a shiga ƙarƙashi a duba ƙasan ƙoƙon giya, daidai inda ta haɗu da inji. Akwai ɗan fili mai santsi da aka buga haruffa da lambobi 5, harufan su ne sunan giyar, lambobin kuma ranar da aka ƙera ta. In sun saba da na takardar but, ka bi na jikin ƙarfe.

Da lambar Volkswagen a hannu, sauran aikin na waya ne. Schaeffler na da kundinsu a intanet mai suna REPXPERT, ZF na da nasu na Sachs, akwai kuma TecDoc da manyan 'yan kasuwar kayan gyara ke aiki da shi. Ka shigar da lambar, zai nuna maka takwararta. Lambobin LuK suna da sauƙin karantawa: cikakken set yana farawa da 6, murfi da 1, faifai da 3, lambobi biyu na gaba kuma faɗi ne, wato 620 na milimita 200 ne, 621 na 210. Na Sachs set yana farawa da 3000, murfi da 3082, faifai da irin su 1862 ko 1878. Waɗannan lambobin kwali ne, kada ka damu in wadda aka buga a ƙarfe ta bambanta, don a can sau da yawa lambar cikin masana'anta ce.

Suna a kwali ba shaida ba ne

To ka san suna, ka san awo. Saura abin da ya fi wuya, wato samun na gaske. Kwalin LuK rawaya ne, na Sachs shuɗi, na Valeo kore, kuma duk wanda ke da injin ɗab'i zai iya buga irinsu. Jabun da ya fi ruɗar mutane ma ba sabon ƙira ba ne. Tsohon faifai ne na gaske, da sunan gaske a jikinsa, aka cire masa cinyayyen lainin aka buga wani mai araha, aka fesa baƙin fenti aka sa a kwali. An taɓa kawo mini irinsa da rasit, mai motar yana murna ya samo orijina. Sunan na nan daram. Amma da na juya shi, kan ƙusoshin lainin ba su yi daidai da juna ba, wani ya baje wani ya tsage, alamar guduma ce ta buga su. Na kankare fentin da farce a kusa da tsakiya, sai ga shuɗin ƙonewa a ƙasa. Na girgiza shi kusa da kunne, sifirin suna kacau-kacau a tagoginsu.

Sabo na gaske ƙusoshinsa kai ɗaya suke kamar an auna, ba a lulluɓe shi da fenti mai sheƙi, haƙoran tsakiya bakinsu a tsaye yake ba su kwanta gefe ɗaya ba, fuskar murfin matsi kuma tana da zanen injin gyara mai laushi, ba gogen sanfefa ba. Sababbin kwalaye da yawa suna da ɗan murabba'in nan da ake haskawa da waya a tantance, in akwai ka gwada a gaban mai shagon. Farashi ma na magana. In an ce maka na Jamus ne amma kuɗinsa bai wuce na ɗan Caina da komai ba, ka ajiye. Araha ba ta ado.

Abu biyu kuma kada su tsorata ka. Rashin ganin an rubuta Jamus ba ya nuna jabu ne. LuK na da babbar masana'anta a Hangari, ZF na ƙera kuloci a Sulobakiya, Valeo na yi a Turkiyya da Koriya ta Kudu, ban da Faransa. Haka nan kana iya buɗe kwalin wannan kamfani na gaske ka tarar da faifan wancan a ciki, don su kansu suna saye a hannun juna su cike gibin abin da ba su ƙerawa. Ga wanda ya nace sai ainihin wanda ya yi na masana'anta, wannan na nufin ko a kwalin gaske sai ya buɗe ya karanta ƙarfe.

Ni shawarata, tsakanin Sachs da LuK kada ka tayar da hankalinka. Duk wanda ka samu na gaske, mai awon motarka, ka ɗauka, Valeo na gaske ma ba zan hana ka ba. Sharaɗin kawai faifai da murfi su zama na gida ɗaya, set guda, don kaurin faifan da ƙarfin murfin tare aka auna su. Ka saya wajen wanda ke da shago tsayayye, wanda zai rubuta maka lambar kayan a rasit ya kuma yarda ka dawo da shi in bai yi daidai da tsohon ba. Ko a Ƙofar Ruwa ne, ko Panteka, ko aike za ka yi Ladipo, ka tafi da tsohon a leda ko ka tura hotonsa da awonsa.

In aljihu bai kai ga sabo ba, ɗan Beljiyam mai sauran nama ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Ka duba zurfin kan ƙusa daga fuskar lainin. In ya kusa shafewa babu sauran kwana a ciki, littattafan gyara na Toyota ma milimita 0.3 suka sa a matsayin iyaka. Ka karɓi faifai da murfin da suka fito daga mota ɗaya.

Me ya kashe biyun da ka saka?

Yana yiwuwa jabu ne, shi ke nan. Amma kuloci biyu a jere, kowanne ƙasa da wata shida, ni kafin in zargi kasuwa sai na binciki motar. A giyar 020 abin da nake fara dubawa shi ne siririn ƙarfen nan da na ce ka riƙe. A bakin shaf, inda yake fitowa, akwai ɗan ƙaramin sil da ɗan bushin a bayansa. In bushin ɗin ya cinye, ƙarfen sai ya riƙa wasa, ya kashe sil ɗin, man giya ya biyo shi ya zubo daidai tsakiyar kuloci, juyawa kuma ta watsa shi kan lainin. Kayan ba su da tsada, amma bakanike da yawa ba sa taɓa su. Sabon kuloci zai yi lafiya wata biyu ko uku, mai ya jiƙa shi, ya fara zamewa, a ce ai ba na kamfani ba ne.

Ka nemo na biyun da aka cire, in yana nan, ka shinshina. Man giya na da wari mai kaifi, daban da na baƙin mai. In warin giya ne, sil ɗin can ne ko na bakin shaf. In baƙin mai ne, sil ɗin bayan karanshaf ne, kuma sai an cire murfin matsi ake kaiwa gare shi. In kuwa faifan a bushe yake, ya yi ƙyalli kamar gilashi da ƙauri, to zafi ne ya ci shi, sai a nemi dalili a wani wurin.

Wani wurin kuwa shi ne fulawil. Fuskarsa da faifai ke kamawa in ta yi kwari, ko ta tsattsage, ko ta yi tabon shuɗi, sabon faifai ba zai zauna sosai ba. A taka motar fulawil ɗin kamar kwano yake, zurfinsa na da awo, in aka kai wa mai injin gyara ya ci fuskar ciki bai rage bakin daidai da haka ba, matsin ya ragu ke nan tun ranar farko. Sai wayar kuloci. Ta Golf 3 irin mai saita kanta ce, in ta tsufa takan maƙale ta riƙe kulocin a ɗan take ba ka sani ba. Ka sa bakanike ya gwada hannun da ke jikin giya, ya ga ko yana komawa har ƙarshe in an saki feda.

Akwai kuma aikin ɗauri. A bar nauyin giya ya rataya a kan faifai kafin noti su kama, faifan ya lanƙwashe. A cika giris a haƙoran shaf, ya fantsama kan lainin. A mayar da tsofaffin noti shidan nan na karanshaf, alhali irin waɗanda ake canzawa ne duk lokacin da aka kwance. Ɗan farantin tsakiya da zoben da ke riƙe shi su ma a duba, in ƙarfen ya haƙa rami a farantin a canza.

Sannan, ka yi haƙuri, sai na taɓo aikinku. Injin 1.8 da kulocinsa an auna su ne a kan mutum biyar da 'yan jakunkuna. Wagon ɗin haya kuwa mun san yadda ake cika ta, gaba biyu, baya huɗu, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya. Duk tashi daga tasha, duk tsayawa a shingen hanya, duk cunkoson shiga gari, kulocin ne ke biya. In ka haɗa da ajiye ƙafa a kan feda, ko riƙe mota da rabin kuloci a hawa, ko tashi da giya ta biyu, ko wane ne ya ƙera shi kwanansa zai ragu. Na san lodi shi ne abincin, ba zan ce ka daina ba. Amma sabon kuloci ka lallaɓa shi kwanakin farko har ya zauna, ka sa birkin hannu a hawa, in ka tsaya ka fitar da giya ka ɗauke ƙafa.

Ga masu sauran motoci

Hanyar ɗaya ce, sunaye ne ke sauyawa. Toyota galibi Aisin ne, wani lokaci Exedy, lambar faifai tana farawa da 31250, murfi 31210, boris 31230. Sai dai Toyota da aka haɗa a Turai, irin Carina E da Avensis na Ingila masu shasi SB1, ana samun kayan Turawa a cikinsu. Peugeot galibi Valeo ne, ana kuma samun LuK da Sachs. Honda, Nissan, Mazda da Mitsubishi za ka yawaita ganin Exedy, ko tsohon sunansa Daikin. Hyundai da Kia yawanci Valeo na Koriya ne ko Seco. Boris kuwa sau da yawa wani gidan ne daban ya yi shi, irin su INA, SKF, NSK ko Koyo.

Inda sanin maƙeri ya zama dole shi ne motoci masu fulawil mai hawa biyu, wanda ke da sifirin a cikinsa, irin wanda LuK ya fara fitarwa a 1985. Ana samunsa a injinan dizal na TDI da yawa, har da na Sharan da 'yan'uwanta Ford Galaxy ta farko da Seat Alhambra, waɗanda duk a masana'anta ɗaya aka haɗa su a Fotugal. A irin waɗannan, inji ɗaya na iya zuwa da fulawil na LuK ko na Sachs, kuma kulocin wannan sau da yawa ba ya hawa fulawil ɗin wancan. Mai irin wannan motar kada ya sayi komai sai an sauke giya an karanta sunan da ke jikin fulawil, ko kuma ya canza duka gaba ɗaya daga gida ɗaya. Taka 1.8 fulawil ɗinta dunƙulallen ƙarfe ne, wannan matsalar ba ta shafe ka ba.

In ka samo tsohon, ka turo mini hoton faifan gaba da baya, da na murfin, da harufan ƙasan giya, da faɗin da ka auna da adadin haƙora. Ka gaya mini kuma ko na biyun da aka cire a jiƙe yake ko a bushe. Da waɗannan zan iya faɗa maka wanda ya ƙera shi da lambar da za ka nema a kasuwa, in sha Allahu.